Igwar 88 ta Jamus: yadda bindigar harbo jirgi ta koma cin tankokin yaƙi

Ranar 21 ga watan Mayu 1940, kusa da garin Arras a arewacin Faransa, sojojin Jamus da suka kwana goma suna kora kowa a gabansu suka haɗu da abin da ya tsayar musu da numfashi. Tankokin Ingila guda 70 da wani abu suka ɓullo musu ta gefe, a cikinsu akwai samfurin Matilda ta biyu wadda kaurin ƙarfen gabanta ya kai milimita 78. Ƙaramar igwar da Jamusawa suka tanada musamman don tanka, mai faɗin baki milimita 37, sai dai ka ji ƙwal, harsashin ya daki ƙarfe ya yi tsalle ya faɗi gefe, tankar kuma tana ta tahowa abinta tana murƙushe igwar da masu ita. Kwamandan rundunar, Erwin Rommel, shi da kansa ya rinƙa bi igwa igwa yana nuna musu inda za su harba, ya jera manyan igwogin fili tare da igwogin harbo jirgin sama masu milimita 88, aka sauke bakinsu daga sama aka miƙe shi saitin ƙasa. A nan harin ya tsaya.

Mutane da yawa in suna ba da labarin nan sai su mai da shi kamar dabara ce ta faɗo wa Rommel a take, wai shi ya fara tunanin juya bindigar jirgi kan tanka. Ba haka ba ne gaskiya, kuma ni abin da ya fi ja na a lamarin shi ne tambayar da ke ƙasa: me ya sa abin da aka ƙera don jirgin da ke can ƙololuwar sama ya zo ya fi dacewa da tanka fiye da abin da aka ƙera don tankar kanta? Amsar tana cikin ƙirar, kuma in ka gane ta za ka gane har da inda igwar ta cuci masu ita.

Bayan yaƙin duniya na farko, yarjejeniyar sulhu ta Basai (Versailles) ta 1919 ta ɗaure wa Jamus hannu kan ƙera manyan makamai. To sai kamfanin Krupp ya tura injiniyoyinsa Suwidin suka zauna wajen kamfanin Bofors suna aikinsu a can shiru, suka dawo da zanen igwar, aka fara ƙera ta sosai a 1933 lokacin da Hitila ya hau mulki. Sunanta Flak 18, kalmar Flak ɗin taƙaitawa ce ta Jamusanci da ke nufin igwar kariya daga jirgi, lambar 18 kuma an liƙa ta ne don a ɗauka tsohuwar ƙira ce ta 1918. Sojojin su dai "takwas-takwas" suke ce mata da yarensu.

Yanzu ka sa kanka a matsayin wanda aka ce ya harbo jirgi. Jirgin yana sama da kai da mita 7,000 ko 8,000, a ce yana gudun kilomita 360 a awa, wato mita 100 kenan duk daƙiƙa ɗaya. Harsashinka kafin ya hau can zai ci wajen daƙiƙa 20 ko fiye, ka ga kenan kafin ya isa jirgin ya yi gaba da kilomita 2. Wato ba jirgin kake harbi ba, wani fili kake harbi a sararin sama inda kake zaton zai iso, kamar maharbin da ke sa gaban tsuntsu in yana tashi, sai dai wannan gaban na kilomita biyu ne, kuma in matuƙin ya ɗan karkata ko ya ɗan ƙara sama a cikin daƙiƙoƙin nan duk lissafinka ya tashi a banza. Saboda haka babban abin da mai ƙirar ke nema shi ne ya rage lokacin da harsashi ke yi a hanya. Hanya ɗaya ce, a ƙara masa gudu. Gudu kuma yana zuwa ne daga albarushi mai yawa da dogon bututu, don iskar da albarushin ya haifar ta daɗe tana tura harsashin kafin ya fita. Bututun 88 tsawonsa ya ninka faɗin bakinsa sau 56, kusan mita 5 kenan, harsashi mai nauyin kilo 9 da ɗoriya yana fita da gudun sama da mita 800 a daƙiƙa.

Bayan gudu sai juyi. Jirgi ba ya sallama kafin ya zo, ta ko'ina zai iya ɓullowa, don haka aka ɗora igwar kan ginshiƙi a tsakiyar ƙafafu huɗu masu siffar gicciye, tana zagaye gaba ɗaya ba tare da an ɗaga ta ba, bakinta yana tashi har digiri 85, kuma yana sauka har ƙasa da miƙe da digiri 3. Wannan ɗan saukar ƙasan ka riƙe shi, zai yi amfani. Sai kuma saurin ɗuri, tunda jirgi 'yan daƙiƙoƙi zai yi a inda kake iya kai masa. Harsashin da kwansonsa a haɗe suke guda ɗaya, wajen kilo 15, kuma bayan igwar yana buɗe kansa idan ta ja baya bayan harbi ya tofar da kwanson, mai ɗuri ya cusa sabo ya rufe. Ƙwararrun ma'aikata suna fitar da harsashi 15 zuwa 20 a minti ɗaya.

In ka tsaya kusa da ita lokacin aiki, mutum wajen goma ne a kanta kowa da abin da ya sani. Biyu suna zaune a gefen dama kan 'yan kujerun ƙarfe, ɗaya yana murɗa hannun juyi ɗaya yana murɗa na ɗagawa, kuma abin mamaki ba sa ma kallon sama, idonsu na kan wasu agogai ne a gabansu. Can gefe akwai na'urar lissafi da ke bin jirgin da madubin hange, daga baya aka haɗa da rada, ita ke aiko da lamba ta waya zuwa igwogi huɗu ko shida a lokaci guda, aikin mutanen nan biyu kawai su daidaita allurarsu da wadda na'urar ta nuna. A gefen hagu akwai wani ɗan akwati da ake kifa kan harsashin a ciki, shi yake murɗa ɗan agogon da ke hancin harsashin ya saita masa daƙiƙar da zai fashe. Mai ɗuri yana sanye da safar hannu mai kauri ta fata, ya karɓa ya cusa da dunƙulen hannu don kada murfin ƙarfen ya datse masa yatsu, a harba, kwanso mai zafi ya faɗo ƙasa, wani ya shure shi gefe, na gaba ya riga ya iso. Haka za a yi ta yi har bututun ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Kuma wannan gudun yana cin cikin bututu da sauri, musamman ta gindi inda wutar ta fi ƙarfi, shi ya sa a samfurin Flak 36 suka raba cikin bututun gida-gida yadda za a cire inda ya cinye kaɗai a sa sabo.

To yanzu juyo kan tanka. Me ake buƙata a huda ƙarfe mai kauri? Ƙarfin duka. Kuma ƙarfin dukan abu mai tafiya, gudunsa ya fi nauyinsa tasiri nesa ba kusa ba, in ka ninka nauyi sau biyu ƙarfin ya ninku sau biyu, amma in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa. Ka ga gudun nan da aka nema don a cimma jirgi shi ne daidai abin da sulken tanka ba ya so. Ga kuma wata riba, harsashi mai gudu sosai a miƙe yake tafiya, ba ya yin baka kamar na igwar fili da ake cillawa sama ya faɗo, don haka ko mai saiti ya ɗan kuskure nisan tankar da mita ɗari ko biyu, duk da haka zai same ta. Juyin da aka yi don jirgi ya ba ta damar bin tankar da ke ƙoƙarin zagayowa ta gefe. Saurin ɗurin ya sa in na farko ya kauce na biyu na nan tafe bayan daƙiƙa huɗu. A nisan mita 1,000 tana huda ƙarfen da ya kai wajen milimita 100, a lokacin da yawancin tankokin duniya ba su da ko kusa da haka, kuma bindigoginsu ba sa yin wani abin kirki a wannan nisan.

Amma fa akwai abin da mutane ke tsallakewa. Harsashin jirgi ba ya huda tanka. Shi an yi shi ne da siririn jiki cike da abin fashewa, ya tarwatse a sama ɓaraguzansa su yayyaga jirgin da jikinsa gwangwani ne. Na tanka kuwa dunƙulen ƙarfe ne mai tauri, da hula a kansa don kada ya tarwatse ko ya zame in ya daki sulke, da ɗan abin fashewa kaɗan a gindi wanda ke jira sai ya shige ciki sannan ya tashi. Idan ba ka da wannan harsashin a motarka, kuma ba ka da madubin saitin abin da ke ƙasa, kuma ba a taɓa koya wa yaranka harbin abin da ke tafiya a ƙasa ba, to igwarka duk ƙarfinta ba ta da amfani ranar da tanka ta zo. Jamusawa sun tanadi duka ukun tun kafin yaƙi. Sun gwada igwar a yaƙin basasar Sifen tsakanin 1936 da 1939, inda suka tura dakaru taimaka wa Janar Franco, jagoran ɓangare ɗaya a yaƙin, can suka ga cewa harbin da take yi a ƙasa, kan ramukan tsaro da gine-gine da motoci masu sulke, ya ma fi wanda take yi a sama yawa. Daga baya suka ƙara mata garkuwar ƙarfe a gaba don kare ma'aikata. Saboda haka abin da Rommel ya yi a Arras abu ne da ke cikin horonsu, shi dai ya yi shi da sauri a lokacin da wasu suka rikice.

Inda sunanta ya fita sosai shi ne hamadar Arewacin Afirka. A watan Yuni 1941 Ingila ta kai hari don ta kwance ƙawanyar da dakarun Rommel suka yi wa garin Tobruk na Libiya, kuma dole sai an bi ta mashigar Halfaya a kan iyakar Masar. Jamusawa suka haƙa ramuka suka binne 'yan igwogin 88 ɗin da suke da su, waɗanda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, har sai da ya zama bututun kaɗai ke leƙowa dab da ƙasa. Wanda ya san hamada da rana ya san yadda zafi ke sa ƙasa tana rawa a ido, abin da ke nesa duk ya narke, to a cikin wannan ne Matilda suka taho a hankali, tunda dama ba gudu gare su ba, aka bar su sai da suka shigo sosai sannan aka buɗe musu wuta. Rukunin farko kusan duka suka ƙone a wurin. Abin tausayin shi ne bindigar da ke kan tankokin Ingila a lokacin, mai milimita 40, dunƙulen harsashi kawai take da shi na huda tanka, ba ta da mai fashewa da za a jefa wa mutanen da ke kewaye da igwa, wato ko sun hango ta ba su da abin mayar da martani sai sun matso kusa da bindiga mai jigida, ita kuwa ba za ta bari su matso ba. Sai a 1942 da tankar Grant ta Amurka ta iso da bindiga mai milimita 75 sannan suka ɗan samu sauƙi. Rommel kuma ya mai da abin salo, tankokinsa su taɓa faɗa su juya kamar sun gudu, na Ingila su biyo su da zafi, su faɗa kan layin igwogin da ke kwance suna jira.

A Rasha ma haka aka yi, a watan nan na Yuni 1941 Jamusawa suka ci karo da tankokin Rasha samfurin T-34 da KV waɗanda ƙananan igwoginsu suka kasa, har sojoji suka sa wa mai milimita 37 ɗin suna mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kusa da Raseiniai a Lituweniya tankar KV guda ɗaya tak ta tare hanya wajen kwana guda, sai da aka jawo 88.

Abin da nake so a lura da shi, ba Jamus kaɗai ke da irin wannan igwa ba. Ingila tana da tata mai inci 3.7, wato milimita 94, wadda wajen harbo jirgi ta ma fi 88 kai wa sama da nauyin harsashi. Amurka na da mai milimita 90, Rasha na da mai 85, Italiya ma na da mai 90 mai kyau ƙwarai. Duk matsala ɗaya suka warware, don haka duk suka fito da kusan abu ɗaya. To me ya hana Ingila juya tata kan tankokin Rommel? Na farko nauyi, ta haura tan 9, ita kuwa 88 in an girke ta wajen tan 5 ce, kuma cikin 'yan mintoci ake sauke ta daga tayoyinta, in abu ya ɓaci ma ana iya harbawa tana kan tayoyin. Na biyu, an gina ta Ingila ne kacokan don ta karɓi umarni daga na'urar lissafi, ba a yi tunanin mai saiti zai kalli tanka da idonsa ba. Na uku kuma, wanda a ganina ya fi sauran, manyansu sun ɗauka igwar jirgi aikinta tsare tashar ruwan Iskandariya da mashigin Suwez da sansanonin jirage, ba sa son a kai ta bakin daga a rasa. An ɗan yi amfani da ita a ƙasa nan da can, amma bai zama al'ada ba. Ni dai ina ganin a 1941 sun yi asarar rayukan da za a iya ragewa, ko da yake ba zan ce hujjarsu ta banza ba ce, domin jiragen Jamus da Italiya suna kai hari kan tashoshin nan da gaske.

Kuma ita kanta 88 ɗin a matsayin maganin tanka tana da aibi babba. Ginshiƙin nan da ya ba ta damar kallon sama shi ya sa ta yi tsayi, ta haura mita 2, in an sa garkuwa kuma sai ta zama kamar bango a fili. Igwar tanka ta asali so ake ta kwanta ƙasa ta ɓuya a bayan ɗan tudu ko ciyawa. Binne 88 aikin awoyi ne, in ba a samu lokacin ba to da ta yi harbi biyu uku an gano ta, igwogin fili na abokan gaba su yi mata ruwan wuta, mutum goma a tsaye a fili ba abin da ya kare su ta baya da gefe. Tana buƙatar babbar mota mai rabin sarƙa ta ja ta. Tana da tsada, domin kana biyan kuɗin kayan saitin sama da ba ka buƙata in tanka kake harbi. Ga rigimar mallaka, yawancin igwogin na rundunar sojan sama ne, sojan ƙasa sai dai ya roƙa. Wani hafsan tankokin Jamus, Hans von Luck, ya ba da labarin cewa ranar 18 ga Yuli 1944 a ƙauyen Cagny na Nomandi ya tarar da igwogin 88 huɗu bakinsu na sama alhali tankokin Ingila na wucewa, kyaftin ɗinsu ya ce shi jirgi aka turo shi harbi, sai da ya zare masa ƙaramar bindiga sannan ya juya su. Wasu masana tarihi suna tantamar labarin, amma irin wannan saɓanin tsakanin rundunonin biyu ya faru sau da yawa.

Shi ya sa da yaƙi ya yi nisa sai ayyukan biyu suka fara rabuwa. Aka ɗauki ƙarfin 88 aka sa a tankar Tiger a 1942. A 1943 Krupp ya fito da Pak 43, milimita 88 ita ma amma bututunta ya ninka baki sau 71, an kwantar da ita ƙasa, ba ruwanta da jirgi sam. A ɓangaren sama kuma kamfanin Rheinmetall ya yi Flak 41 mai gudun mita 1,000 a daƙiƙa, sai dai ta zo da rikitarwa, kwanso yana maƙalewa, 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera, alhali tsofaffin samfuran 18 da 36 da 37 an yi sama da 20,000. Sauran ƙasashe ma hanyar suka bi, Rasha ta ɗauki igwar jirginta mai 85 ta gyara ta sa a T-34 a 1944, Amurka ta sa mai 90 ɗinta a motar farautar tanka M36 da tankar Pershing. Ko a yau ɗin nan in ka ga bindigar harbo jirgi a bayan Hilux a Libiya ko Sudan ko yankin tafkin Chadi an miƙe bakinta saitin ƙasa, tunanin ɗaya ne, gudu da saurin harbi da juyi, sai dai waɗannan ƙanana ne, milimita 12.7 zuwa 23, suna yaga mota da bango amma ba sa huda gaban tankar zamani.

A aikinta na asali kuwa, wato sama, lissafin bai taɓa yin daɗi ba. Sai an harba dubban harsasai kafin jirgi ɗaya ya faɗo, saboda matsalar ɗan agogon nan, in ya fashe da wuri ko a makare da ƙiftawar ido to ya wuce. Amurka da Ingila sun warware wannan da wani kan harsashi mai ɗan ƙaramin rediyo a ciki wanda ke jin kusancin jirgi ya fashe da kansa, suka fara amfani da shi a teku a 1943, a 1944 kuma ya yi musu aiki sosai kan bama-baman V-1 masu tashi na Jamus. Jamus ba ta kai ga fito da irinsa fagen yaƙi ba har aka gama. Duk da haka igwogin sun tilasta wa jirage tashi can sama inda saitin bam ke lalacewa, sun kuma lalata jirage da yawa ko da ba su faɗo ba. Kuɗin hakan shi ne mutum wajen miliyan ɗaya a kan aikin tsaron sama, kuma da maza suka ƙare, daga watan Fabrairu 1943 aka fara kwaso 'yan makaranta masu shekara 15 da 16 ana sa su murɗa hannayen nan da ɗaukar harsashi, tare da fursunonin yaƙi na Rasha. Wannan ɓangaren yana taɓa ni duk lokacin da na tuna, yara ne da ya kamata suna aji.

Kuma tunda igwa ɗaya ce ke aiki biyu, kowace da aka kai bakin daga an cire ta ne daga wani gari, kowace da aka bari a gari kuma sojan da ke fuskantar tankoki ya rasa ta. A farkon 1945 da sojojin Rasha suka doso kogin Oda, aka rinƙa kwashe igwogin daga garuruwa ana kai su gabas don tare tankoki. Garin Dresden na cikin waɗanda aka kwashe wa manyan igwoginsu kafin lokacin, daren 13 ga Fabrairu 1945 da jiragen Ingila suka iso kansa kusan ba abin da ya harbe su daga ƙasa, washegari na Amurka suka biyo baya, kuma binciken da hukumar garin ta sa aka yi daga baya ya ce mutanen da suka mutu sun kai wajen 25,000.